Rabawa da Lamba Mai Rassa Huɗu: Darasin da Bai Kamata Ya Wuce Ɗalibin Ruwan Bago Ba

Duk yaron da ya zauna ajin firamare an koya masa cewa uku sau biyar da biyar sau uku abu ɗaya ne. Ya kuma yarda, don kuwa in ya jera tsakuwa layi uku, kowane layi da biyar, ko layi biyar, kowane da uku, goma sha biyar ɗin dai zai ƙirga. Daga ranar har ya fita sakandare, da wuya a sami wanda zai tsaya ya gaya masa cewa wannan doka tana da iyakar da ba ta ƙetarewa. Alhali kuwa a aljihun yayansa, ko na malamin da ke koya masa, akwai wayar hannu wadda ke aiki da wasu lambobi da suka yi wa dokar tawaye. Sunansu kwataniyon, wato lambobi masu rassa huɗu.

Matsayin wannan maƙala a fili yake. Ya kamata ɗalibin kimiyya na babbar sakandare, ko a birnin Kano yake ko a Ruwan Bago ta Ƙaramar Hukumar Rogo, can yammacin jiha inda aka kusa shiga ƙasar Katsina da ta Zazzau, ya ga yadda ake rabawa da kwataniyon kafin ya bar makaranta, ya kuma ga dalilin da ya sa rabawar take yiwuwa. Darasin bai fi na awa biyu ba. Ba ya bukatar ɗakin gwaje-gwaje, ba ya bukatar lantarki. Alli da allo da kwalin ashana sun wadatar. In kuma aka koyar da shi tare da hujjarsa, yana taɓa wata cuta da ta daɗe tana cin darasin lissafi a makarantun ƙasar nan, wato haddace ƙa'ida ba tare da sanin inda ta fito ba.

Tsohuwar dabara

Da farko, mece ce ma rabawa? Raba 12 da 4 daidai yake da ninka 12 da ¼. Ita ¼ kuwa ita ce lambar da in aka ninka ta da 4 ake komawa 1. Irin wannan lamba za a kira ta mawarwariya a nan, domin tana warware abin da ninkawa ta ƙulla. Duk lambar da ke da mawarwariya ana iya rabawa da ita. Sifili ba shi da ita, shi ya sa malamai ke hana rabawa da sifili, ko da yake ba kowane ne ke faɗin dalilin ba.

A babbar sakandare ɗalibi yakan haɗu da tambaya irin wadda WAEC da NECO ke so: a sauƙaƙa 1/(3 + √2). Dabarar da ake koya masa ita ce ya ninka sama da ƙasa da 3 − √2, wato lambar nan dai amma an juya alamar reshe na biyu. A ƙasa sai a sami 9 − 2, wato 7, saiwar ta ɓace, amsa ta zama (3 − √2)/7. Wannan lamba da aka juya wa alama ita za a kira takwara. Malaman rabon gado na zaure ba za su ga baƙon abu a nan ba, domin su ma in kason magada ya ƙi fita daidai, sukan ninka asalin mas'alar da lambar da za ta kawar da gutsure, ba tare da haƙƙin kowa ya ƙaru ko ya ragu ba.

A shekarar farko ta jami'a ɗalibin zai sake gamuwa da dabarar cikin wata riga. Za a kawo masa lambobi masu rassa biyu, irin su 3 + 4i, inda i wata lamba ce da murabba'inta, wato ita sau kanta, ke ba da −1. Takwarar 3 + 4i ita ce 3 − 4i. In aka ninka su, 9 + 16 ake samu, wato 25, don haka mawarwariyar 3 + 4i ita ce (3 − 4i)/25. Mai karatu ya lura cewa 25 murabba'in 5 ne, kuma 5 shi ne nisan da mutum ya yi daga inda ya tashi in ya yi taku 3 gabas, ya yi 4 arewa. Wannan nisa shi ne tsayin lambar. Ke nan dabara ɗaya ce ake koyarwa sau biyu, a aji biyu, da suna biyu, kuma galibin ɗalibai ba su taɓa gane cewa ita ce dai ba.

Abin da ya faru a kan gada

Lambobi masu rassa biyu suna da wata baiwa: ninkawa da su juyawa ce a kan shimfiɗaɗɗen fili. A ninka da i, abin da ke fuskantar gabas ya koma fuskantar arewa. To amma duniya ba tabarma ba ce, tana da sama da ƙasa. Wannan ya sa William Rowan Hamilton, masanin lissafi da taurari na birnin Dabulin a ƙasar Ayalan, wanda ya rayu daga 1805 zuwa 1865, ya shafe shekaru yana neman lambobi masu rassa uku da za su yi wa sarari abin da masu rassa biyu suka yi wa fili. Tarawa da ɗebewa ba su ba shi wahala ba. Ninkawa ce ta ƙi, don yana son tsayin abin da aka samu ya zama daidai da tsayin ta farko sau tsayin ta biyu, tunda wannan ne ke buɗe ƙofar rabawa.

Abin da yake nema babu shi, kuma ɗan aji huɗu na sakandare zai iya ganin alamar haka da kansa. Lamba 3 jimlar murabba'i uku ce: 1 + 1 + 1. Haka ma 21: 16 + 4 + 1. Amma 3 sau 21, wato 63, ba ta rubutuwa a matsayin jimlar murabba'i uku ko ta wace hanya. A gwada: mafi girma daga cikin ukun dole ya zama 49 ko 36 ko 25, abin da zai rage kuwa 14 ne ko 27 ko 38, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke rabuwa zuwa murabba'i biyu. Da murabba'i huɗu kuwa abin ya yi sauƙi: 49 + 9 + 4 + 1. Tun a 1748 Leonhard Euler ya gano cewa jimlar murabba'i huɗu sau wata jimlar murabba'i huɗu kullum jimlar murabba'i huɗu take bayarwa, amma sai da aka yi kusan shekara ɗari kafin a ga abin da ke ɓoye a bayan wannan.

Ranar 16 ga Oktoba, 1843, Hamilton na tafe da matarsa a bakin wata hanyar ruwa za shi taron masana, sai mafita ta faɗo masa: rassan huɗu ne, kuma dole a saki dokar nan ta uku sau biyar. Ya zaro wuƙar aljihu ya karta ƙa'idar a jikin dutsen gadar Broom:

i² = j² = k² = ijk = −1

Kartar ta goge tuntuni, amma akwai allon tunawa a wurin, kuma kowace shekara masana kan yi tattaki zuwa gadar a wannan rana. Adalci ya sa a ambaci Olinde Rodrigues na Faransa, wanda a 1840 ya riga ya fitar da ƙa'idar haɗa juyawa biyu a sarari, ƙa'idar da ke ɗauke da wannan ninkawa a cikinta. Sai dai Hamilton ne ya yi ƙarfin halin kiran abin lamba.

Inda aibi ya zama gata

Daga wancan layi ɗaya ake fitar da sauran dokokin: ij = k, jk = i, ki = j. In aka juya jerin kuwa, alama ta juya: ji = −k, kj = −i, ik = −j. Hanya mai sauƙi ta riƙe su ita ce a zana i da j da k a da'ira. In an bi da'irar gaba, tarawa, in an bi ta baya, ɗebewa.

Kowace kwataniyon ana rubuta ta q = a + bi + cj + dk, inda a, b, c, d lambobi ne na yau da kullum. Takwararta, wadda ake wa alamar q*, ita ce a − bi − cj − dk. Tsayinta, |q|, shi ne saiwar a² + b² + c² + d². Littattafai sukan ba da ƙa'idar mawarwariya a layi ɗaya su wuce:

q⁻¹ = q* / |q|²

A nan ne malamin gaggawa ke cewa a kwafa a haddace, kuma a nan ne ake zubar da romon darasin. A tsaya a yi aikin da hannu. A ɗauki q = 1 + 2i + 2j + 4k, a ninka ta da takwararta 1 − 2i − 2j − 4k, reshe bayan reshe, ana kiyaye wanda ke hagu da wanda ke dama.

Reshe na farko, 1, ya ba da 1 − 2i − 2j − 4k.
Na biyu, 2i, ya ba da 2i + 4 − 4k + 8j.
Na uku, 2j, ya ba da 2j + 4k + 4 − 8i.
Na huɗu, 4k, ya ba da 4k − 8j + 8i + 16.

Yanzu a tara. Lambobin da ba su da harafi: 1 + 4 + 4 + 16 = 25. Masu i: −2 + 2 − 8 + 8 = 0. Masu j: −2 + 8 + 2 − 8 = 0. Masu k: −4 − 4 + 4 + 4 = 0. Duk haruffan sun cinye juna, 25 kaɗai ta rage. Saboda haka in aka raba takwarar da 25 aka ninka da q, 1 za a samu, wato mawarwariyar q ita ce (1 − 2i − 2j − 4k)/25.

Tambayar da ta fi amsar muhimmanci ita ce: me ya sa suka cinye juna? A duba −4k da ke layi na biyu da +4k da ke layi na uku. Na farkon daga ij ya fito, na biyun daga ji. Da a ce ij da ji abu ɗaya ne, kamar yadda aka saba tun firamare, da sun haɗu sun zama −8k, da kuma harafin ya maƙale a cikin amsa, ba a sami lamba tsurarta da za a raba da ita ba. Haka abin yake tsakanin jk da kj, da tsakanin ki da ik. Ashe abin da ake gani kamar naƙasa ce a jikin kwataniyon, wato rashin yarda a sauya wa lambobi wuri, shi ne ainihin abin da ya ba ta damar rabawa. Hamilton ya sayar da doka ɗaya ya sayi wata da ta fi ta tsada. Wannan ita ce zuciyar darasin, kuma ɗalibin da ya gan ta da idonsa ba ya bukatar haddar komai, don ko ya manta ƙa'idar zai sake gina ta cikin minti biyar.

Akwai kuskuren da masu hadda ke yawan faɗawa. Tsayin q ta misalin nan 5 ne, saiwar 25. Wanda ya tuna cewa "ana raba takwara da tsayi" zai raba da 5, ya miƙa takarda yana murna. Da ya gwada amsar da ya ga cewa ninkin ya ba da 5 maimakon 1. Mawarwariya tana ɗauke da alƙalinta a jikinta: a ninka a gani. Ɗalibin da ya saba da wannan ya daina jiran malami ya ce masa ya yi daidai.

Sannan a lura da wani abu da ba a cika faɗa ba. Jimlar murabba'i huɗu ba ta zama sifili sai in a da b da c da d duk sifili ne. Ke nan kowace kwataniyon, ban da sifili, tana da mawarwariya. Wanda ya yi ƙarin lissafi a sakandare ya san cewa jadawalin lambobi da ake kira matiris ba haka yake ba: ana samun matiris cike da lambobi amma ba shi da mawarwari sam. A ƙarshen shekarun 1870 Ferdinand Frobenius na Jamus ya tabbatar da cewa in ana son tsarin lambobi mai rassa ƙididdigaggu da aka gina kan lambobin yau da kullum, wanda ake rabawa a cikinsa kuma (pq)r daidai yake da p(qr), to uku ne kacal: masu reshe ɗaya, masu biyu, da masu huɗu. Akwai masu rassa takwas, waɗanda John Graves, abokin Hamilton, ya gano a ƙarshen 1843, amma su har wannan doka ta ƙarshe sun saki.

Hula da rawani

Tunda hagu da dama ba ɗaya ba ne, rabawa ma iri biyu ce. In aka ce qx = p, to x = q⁻¹p. In kuwa aka ce yq = p, to y = pq⁻¹. A ɗauki q = 1 + i da p = j. Mawarwariyar q ita ce (1 − i)/2. Ta hagu, x = (j − k)/2. Ta dama, y = (j + k)/2. Amsa biyu daban, kowace daidai ce ga tambayarta. Shi ya sa masu wannan fanni ba su rubuta p/q, domin rubutun bai faɗi ɓangaren da ake nufi ba.

Haka kuma mawarwariyar pq ita ce q⁻¹p⁻¹, jerin ya juya. Wannan ba ya bukatar dogon bayani a ƙasar Karaye, inda kowa ya san naɗi. Hula ake fara sawa, sannan a naɗa rawani a kanta. Wanda zai tuɓe kuwa rawanin zai fara warwarewa, sannan ya cire hular. Abin da aka yi a ƙarshe shi ake fara warwarewa.

Ga mai shakkar cewa duniya ma haka take, ga kwalin ashana. A ajiye shi a kan tebur, a kifa shi gaba rubu'in zagaye, sannan a mirgina shi dama rubu'in zagaye, a duba fuskar da ke sama. A mayar da shi yadda yake, a fara da mirginawa dama, sannan kifawa gaba. Wata fuskar ce za ta kalli sama. Juyawa a sarari ba ta yarda da sauyin jeri, don haka duk lambar da za ta wakilce ta da gaskiya dole ita ma ta ƙi yarda.

Daga alƙibla zuwa sararin samaniya

Ga yadda ake juyawar. A ɗauki i a matsayin gabas, j arewa, k sama. Kowace fuska a sarari ana rubuta ta v = bi + cj + dk. Don a juya ta, sai a sa ta a tsakiya, a lissafa q v q⁻¹. A gwada da q = 1 + k, wadda mawarwariyarta ita ce (1 − k)/2, a kan gabas. Da farko (1 + k)i = i + j. Sannan (i + j)(1 − k) = i + j + j − i = 2j. A raba da 2, a sami j. Gabas ta koma arewa, wato an yi juyin digiri 90 a kewayen sandar da ke tsaye. Da an yi amfani da takwara a maimakon mawarwariya, da 2j aka samu: fuskar daidai, amma tsawon ya ninka. Rabawa da murabba'in tsayi ita ke hana abin da ake juyawa kumbura ko ƙanƙancewa.

A aikace injiniyoyi sukan zaɓi kwataniyon mai tsayi 1. A nan murabba'in tsayi 1 ne, sai mawarwariya da takwara su zama abu ɗaya. Warware juyawa ya koma juya alamomi uku kawai, aikin da kwamfuta ke yi kafin ƙiftawar ido. Sai dai da yake kwamfuta tana datse lambobi bayan wasu gurabe, tsayin yakan zame kaɗan-kaɗan daga 1 in an yi ta ninkawa, don haka ake raba kwataniyon da tsayinta lokaci-lokaci a mai da ita kan hanya. Mai tsara manhajar da bai san dalilin rabawar ba zai manta da wannan, ya yi ta mamakin yadda abin da ya zana ke murguɗewa.

A yankin Rogo da Karaye alƙibla tana wajen digiri 68 daga arewa in an karkata gabas. Matafiyin da ya sauka inda bai sani ba yakan zaro waya ya duba kibiya. To amma ba a shimfiɗe daidai yake riƙe da wayar ba. Ta ɗan karkace, ta ɗan kifu. A cikinta akwai ƙananan na'urori masu jin jan ƙasa, da maganaɗisun duniya, da saurin juyawa, kuma tsarin Android yana haɗa bayanansu ya fitar da yanayin wayar a matsayin kwataniyon mai tsayi 1, a kan ma'aunin gabas da arewa da sama, daidai yadda aka yi a misalin baya. Wannan kwataniyon tana ɗauko fuska daga jikin waya ta kai ta ma'aunin duniya. Mai son ya ɗauko fuska daga duniya ya nuna ta a kan gilashin waya kuwa komawa baya zai yi, kuma komawa baya ita ce mawarwariya.

Lissafin nan dai shi ne na taurarin ɗan'adam. Nijeriya ta harba NigeriaSat-1 a 2003, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a watan Agustan 2011, na ƙarshen kuma injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi lokacin da suke samun horo a Ingila. Tauraro mai ɗaukar hoto, in ana son ya kalli madatsar ruwa ta Challawa da ke Karaye, sai an san inda idonsa ke kallo yanzu da inda ake son ya kalla. Bambancin da ke tsakani ana samun sa ne ta ninka ɗaya yanayin da mawarwariyar ɗayan, a ɓangaren da ya dace. Ana iya bayyana yanayin da kusurwa uku, amma wannan hanya tana da wurin da take cijewa, inda biyu daga cikin sandunan juyawa ke haɗewa su zama ɗaya. 'Yan sama-jannatin Amurka da suka je wata a 1969 sai da suka riƙa kaffa-kaffa da kumbonsu don gudun irin wannan cijewa a na'urarsu ta awon yanayi. Kwataniyon ba ta da wannan lungu. Tun daga 1985, lokacin da Ken Shoemake ya nuna yadda za a yi amfani da ita wajen motsa zane a kwamfuta, ta zama kayan aikin yau da kullum na masu finafinan zane da wasannin kwamfuta da jirage marasa matuƙi.

Masu ja da wannan ra'ayi

Akwai masu cewa wannan duk maganar ƙoshi ce. Hujjarsu kuwa ba ta wasa ba ce. Makarantun karkara da yawa suna fama da ƙarancin malaman lissafi da kujeru da littattafai, har ta kai gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Yaron da ke tuntuɓe a kan ɗebe 7 daga 3, ina shi ina i da j da k? Ana ta kai, wa ke ta kaya? Sukan ƙara da cewa su kansu Turawan sun ajiye kwataniyon a gefe: daga shekarun 1880 Josiah Willard Gibbs a Amurka da Oliver Heaviside a Ingila suka tsinke abin da suke so daga cikinta suka gina lissafin bekta, wanda shi ake koyarwa har yau, Lord Kelvin kuma bai ɓoye ƙyamarsa gare ta ba.

Batun tarihin shi ya fi sauƙin amsawa. Gaskiya ne bekta ta fi dacewa da lissafin lantarki da maganaɗisu, kuma almajiran Hamilton sun wuce gona da iri da suka so a rubuta kimiyya duka da kwataniyon. Amma bekta ta bar abu ɗaya a baya, wato rabawa, domin ba a raba bekta da bekta. Da zamani ya zo da injunan da ke bukatar warware juyawa sau dubbai, abin da aka ajiye aka koma aka ɗauko.

Batun talaucin makarantu kuwa, hujjar ta fi ƙarfin goyon bayan darasin a kan ta rushe shi. Gwajin sinadarai yana son kwalabe da magunguna, nazarin ƙwayoyin halitta yana son madubin ƙara girma, kuma makarantar da ba ta da su sai dai ta zana su a allo. Wannan darasi kuwa cikakkensa ake samu a ko'ina. Abin da ɗalibin Dabulin zai gani shi na Ruwan Bago zai gani, ba ragi. Gaskiya ne yaron da bai iya sarrafa alamar ɗebewa ba ba zai kai ƙarshen ninkin nan mai gurbi goma sha shida ba. To amma babu atisayen da ya fi shi tona wannan rauni, domin alama ɗaya in ta kuskure haruffan ba za su ɓace ba, yaron kuma zai ga haka da kansa ya koma neman inda ya zame. Jihar da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, lokacin da wasu ke ganin yaran karkara ba za su iya ba, ta riga ta ga amsar wannan shakka a asibitoci da ma'aikatunta. Ƙasar Hausa kuma ba baƙuwar lissafi mai zurfi ba ce: Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafi kan jadawalin lambobi masu jimla ɗaya ta kowace fuska a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Sai dai akwai inda ya kamata a ja birki. Kada a cusa kwataniyon cikin manhajar jarrabawa. Ranar da ta shiga takardar WAEC, ranar za ta koma layi ɗaya a littafin tambayoyin baya, a haddace ta daren jarrabawa a manta da ita da safe. Wurinta shi ne ƙungiyar kimiyya ta makaranta, ko darasi biyu na ƙarshen zango bayan an gama saiwoyi da bekta, da kuma shekarar farko ta jami'a, nan da nan bayan lambobi masu rassa biyu. Wanda ya fi kowa bukatarta shi ne malami mai neman horo, domin shi zai koma ƙauye ya gaya wa yara cewa uku sau biyar daidai yake da biyar sau uku, kuma ya kamata ya san cewa wannan hali ne na wasu lambobi, ba na kowace ninkawa ba. Sassan lissafi na Jami'ar Bayero, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wadda ba ta da nisa da Rogo, kowanne yana iya tura ɗaliban ajin ƙarshe su yi wannan aiki a makarantun garuruwansu lokacin hutu.

A kuma yi shi da Hausa, aƙalla a karon farko. Yaron da ke kokawa da sabon tunani bai kamata a haɗa masa da kokawa da baƙon harshe a lokaci guda ba. Sunayen Turanci sa zo daga baya, ya liƙa su a kan abin da ya riga ya fahimta. Kalmomin takwara da tsayi da mawarwariya shawara ce, kuma malaman lissafi da na harshe suna da ikon su zauna su tace su ko su kawo waɗanda suka fi su.

Ga mai son gwada hannunsa kafin fitowa ta gaba: a nemo mawarwariyar 2 + 4i + 5j + 6k, a ninka ta da lambar ta hagu, a sake ninkawa ta dama, a tabbatar duka biyun sun ba da 1. Sannan a ɗauki p = 1 + i da q = 1 + j, a lissafa pq da mawarwariyarta, a gwada ta da p⁻¹q⁻¹ da kuma q⁻¹p⁻¹, a ga wadda ta dace. Bambancin da ke tsakaninsu yana kan alamar k.